Kujerar Girkin Kaka

Shekara uku ina share ɓawon itace a rumfar sassaƙar Baba kafin ya yarda in yi abu da hannuna. Shi ma da sharaɗi: in sassaƙa wa Kaka, mahaifiyarsa, kujerar girki. In ta karɓa, zai fara ba ni aikin mutane. In ta ƙi, in koma wa tsintsiyata. Kaka kuwa ko ruwa ka ba ta sai ta sami abin cewa.

Na shiga daji na zaɓo gungumen da ya bushe sarai. Kwana tara ina fama da gizago, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ƙafafun nan huɗu na auna su har na gaji, na ɗora kujerar a kan teburin aiki, ko motsi ba ta yi. Baba ya dube ta ya ce "uhm", ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Wallahi na ɗauka hassada ce.

Na kai ta gaban murhu. Kaka na zama, kujera ta karkata.

"Ke 'yar nan, lilo na ce ki yi mini?"

Sai a lokacin na lura ƙasan ɗakin girkinta ya lotsa nan da can. Ashe shi ya sa Baba bai taɓa gama ƙafar kujera a rumfa ba, sai ya ɗauki zarto ya je gidan mai ita. Ni duk zatona hira ce take kai shi.

Kunya ta rufe ni. Na ruga na ɗauko zarto na rage ƙafa ɗaya, ta karkata ɗaya gefen. Na rage waccan, ta gaba ta tashi. Kaka na tsaye riƙe da ƙugu tana ba da umarni: "Ta baya! A'a, ba wannan ba!" Kafin kujerar ta tsaya daram, tsayinta bai fi taƙi guda ba. Na ji kamar in fashe da kuka.

Kaka ta zauna. Ta motsa hagu, ta motsa dama, ta miƙa hannu ta iza wuta ba tare da ta sunkuya ba.

Baba ya leƙo daga bakin ƙofa. "Inna, yaya?"

"Shekara talatin kana yi mini dogaye, bayana na ciwo, na yi shiru don kada ka ji kunya."

"Ke, Inna? Shiru?"

"Ɗauke tsohuwar kujerar taka ɗin nan, a riƙa ɗora tulu a kai."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya share ido ya juyo gare ni.

"Matar maƙeri tana son guda biyu. Gobe ki fara zuwa ki ga ƙasan ɗakinta."