Sunana a Tukunyar Maɗi

Daren jiya wani mafarki ya same ni, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a wani gari da rana ke fitowa daga cikin rijiya, ina ɗauke da ƙwarya cike da nunanniyar ɗinya. Itatuwan garin saiwarsu na sama, rassansu na cikin ƙasa, saboda haka tono ɗinyar na yi kamar gyaɗa. Ban yi mamaki ba. Abin da na sani kawai, maɗi zan dafa, irin wanda Inna, mahaifiyata, take dafa mana kafin ta rasu bara.

A bakin zauren gidanmu wata tsohuwar tunkiya na zaune a kan buzu tana jan carbi. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ina za ki da ɗinya haka?"

"Maɗi zan yi, ranki ya daɗe."

"To ki sani, a garin nan wuta ba ta dafa maɗi, suna ke dafa shi. Sai uwar mai tukunya ta kira ta da sunan yanka sannan ya yi kauri. Kuma da zarar ruwan ya ƙone, uwar ta koma inda ta fito."

Ni 'yar fari ce. Inna ta goya ni, ta yaye ni, ta aurar da ni, amma ko da wasa ban taɓa jin "Barira" a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. "Ke" nake, in abin ya yi nisa "yarinyar nan". Ko maƙwabciyarmu mai irin sunana, "mai sunan wance" take ce mata. Ban taɓa ƙorafi ba, amma Allah ya sani na so in ji ko sau ɗaya ne.

Sai ga ni a tsakar gida. Inna na zaune a kan kifaffen turmi gefen murhu, ɗaure da zanen da muka bayar sadaka bayan rasuwarta. Ba ta rame ba.

"Ke, kin wanke su kuwa? Na san halinki da gaggawa."

Na wanke, na murje su a ruwa har tafin hannuna ya yi baƙi. Da na zo tacewa, ƙwallayen suka bi ta rariya suka wuce, ruwan ya tsaya a sama, sai da na kwashe shi da ludayi. Na ɗora tukunya. Wutar na ci da sanyi, hayaƙinta na shiga ƙasa, amma ruwan yana ta raguwa.

"Inna, ki kira ni."

"Ga ki a gabana, kiran me kuma?"

"Sunana, Inna."

"Juya da kyau, kada ya kama."

Matan unguwa suka jeru a kan katanga, dukkansu zabbi ne lulluɓe da mayafai. Babbarsu ta miƙo wuya.

"Haba baiwar Allah! Nan fa babu suruka, babu dangin miji. Faɗi mana, waye zai ji?"

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ni aka binne," in ji ta, "ba kunyata ba."

Ruwan ya kusa kai gindin tukunya, kuma har lokacin tsululu yake, ba alamar kauri. Na dubi ƙafafun Inna, na ga sun fara narkewa kamar gishiri a miya. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, na rasa wanne ya fi yawa. Na saki muciya na fashe da kuka, da furfurata da komai.

Can Inna ta ce, "Ke, juya mini baya."

Na juya. Na ji motsin zanenta ta sunkuya a bakin tukunya, na ji raɗa ƙasa-ƙasa wadda kunnena bai kama ba. Nan take ƙamshin maɗi ya cika gidan. Da na waiwayo turmin babu kowa, maɗin kuwa ya yi kauri, baƙi wuluk, yana sheƙi.

Tunkiyar nan ta leƙo daga zaure.

"Ta faɗa," in ji ta. "Yana ciki. Ɗebi ki kara a kunne, amma ki yi sauri, suna ba ya jure huci."

Na ɗebo da ludayi, na kai kunne. Na ji numfashin Inna sarai, irin jan numfashin da take yi in za ta fara magana.

Sai murfin tukunya ya faɗi a kan siminti, ƙwaram, na farka.

Gari ya waye. 'Yata ta fari ce, wadda ta zo gida wankan jego, take ɗora ruwan zafi. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa, na daɗe ina kallon bayanta tana hura wuta. Na buɗe baki, sunanta ya zo har kan harshena.

"Ke," na ce, "yi a hankali da tukunyar nan."