Maɓalli Biyu

Wuƙar injin ta sauko, ta datse gefen takardun, ta koma sama. Auta ta janye hannunta na hagu a makare, har sai da ta ji iskar ƙarfen a bayan yatsunta.

"Kin fara sabawa, shi ne abin tsoron," in ji Baba Guntu, yana jera littattafan rubutu a kan tebur. Ya fi kowa daɗewa a maɗaba'ar. Yatsunsa biyu na hagu a gaɓar farko suka tsaya, daga nan sunan ya samo asali. Ya ɗaga su yana juyawa. "Ni dai mai yankan farce rangwame yake mini. Ke kuwa da sauranki."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko wani damin takardu ta daidaita.

Tsohon inji ne mai maɓalli biyu, ɗaya a dama, ɗaya can a hagu. Sai an danna su tare wuƙar take saukowa, don kada hannu ya kasance a ƙarƙashinta. Amma a nan an daɗe da cusa guntun kwali a maɓallin hagu, ya zauna a danne. Da dama ake dannawa, hagu na riƙe da takardu kada su goce. Haka aikin ya fi sauri, ga shi an kusa komawa makaranta, masu shaguna sai sintiri suke suna neman kayansu.

Bayan ta gama sakandare Auta ta daɗe a gida tana taya Mama wankau, kafin wata cibiya mai nema wa 'ya'yan marasa ƙarfi wurin koyon aiki ta samo mata wannan gurbin. Oga, mai maɗaba'ar, ya ce in ta nuna zafin nama zai ɗauke ta dindindin a ƙarshen wata. Da jin haka Mama ta sallami wasu gidajen da take yi wa wanki, saboda bayanta ya daina miƙewa. Babu maƙwabciyar da ba ta san Auta na buga littattafai ba.

Ƙofar ofis ta buɗe, Oga ya fito da waya a hannu.

"Guntu, cire wannan abin. Matar cibiya na hanya." Ya dubi Auta. "Ke 'yar cibiya, in ta tambaye ki ya aiki, me za ki ce?"

"Lafiya lau, Oga."

"Madalla. Baki shi ke yanka wuya."

Baba Guntu ya zare kwalin ya jefa a aljihu. Aka share ɗigon tawada, aka kunna fankar da ba a cika kunnawa ba. Oga ya sa Auta ta koma naɗe bangon littafi har baƙuwar ta zo.

Wajen azahar Anti ta iso a gajiye, jakarta a rataye, duddugen takalminta ya cinye. Ita ce mai zagayawa tana duba yaran cibiya a wuraren aikinsu. Oga ya tare ta da fara'a, ya aika a kawo ruwan sanyi.

"Auta, kin rame ko idona ne? Ana ba ki lokacin cin abinci?"

"Ana ba ni, Anti."

"Babu mai takura miki?"

"Babu."

"Ke kullum babu. To zo ki nuna mini abin da kika koya, in je in yi wa sauran gori."

Auta ta miƙe a hankali. Ba ta son a tsaya a kanta ana kallo, ko a aji in malami ya kira ta muryarta gudu take. Ta je gaban injin kanta a ƙasa. Ta ɗauko takardu, ta buga gefensu a kan tebur har suka daidaita, ta tura su ciki. Hannuwanta suka kama aikin yadda suka saba. Ta dafe takardun da hagu, ta danna da dama.

Wuƙar ba ta motsa ba.

Ta ƙara dannawa, da ƙarfi. Shiru. Kunya ta rufe ta, tana ganin ta lalata inji a gaban baƙuwa. Sai da ta ɗago ta ga inda Anti take kallo. Ba maɓallin take kallo ba. Hannun hagun take kallo, yana shimfiɗe a kan takardun, farcensa daf da layin da wuƙar ke sauka.

Fanka kawai ke kaɗa gefen takardu.

"Ruɗewa ta yi," in ji Oga yana dariya. "Yaran nan da sun ga baƙo..."

Anti ta juya ta dubi hannun Baba Guntu. Ya mayar da shi bayansa.

"Oga, mu shiga ofis."

Ba a rufe ƙofar sosai ba. Auta tana jin muryar Anti ƙasa-ƙasa, ta Oga kuwa ba ta ɓoye kanta ba.

"Madam, ni taimako nake. Ki zaga layin nan kaf, wa ke karɓar yaranki in ba ni ba? Na ce ba ma yi, kin ce muna yi. To kwashe ta. Gobe waɗanda za su zo neman gurbin sai sun cika ƙofar nan."

Anti ta fito fuskarta babu walwala. Ta ja Auta bakin ƙofa, inda ƙarar motoci ke rufe magana, ta kama hannunta na hagu ta riƙe.

"Tun yaushe?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da wani gurbi a hannu yanzu. In kin biyo ni, gida za ki zauna sai an samu, ban san ranar ba. Zan kai maganarsa gaba, amma manyan ma ba sa sauri. Ɗauko jakarki mu tafi."

Auta ta tuna Mama da safe, tana dafa bango kafin ta iya tashi daga tabarma.

"Zan zauna, Anti."

"Auta, hannu ba ya tsirowa."

"Na sani. Zan zauna."

Anti ta daɗe tana kallon ta. Ta ce za ta dawo ba tare da ta buga waya ba, ta faɗa da ƙarfi yadda za a ji a ofis. Sannan ta tsallaka titi ta tsaya jiran mota, tana waiwaye.

Motar ba ta gama ɓacewa ba aka kashe fankar. Daga cikin ofis Oga ya ɗaga murya.

"Guntu! A koma aiki. Kayan nan yau za su fita."

Baba Guntu ya taho yana laluben aljihu. Ya tarar Auta ta riga shi gaban injin, ta ɗora tafin hannunta a kan maɓallin hagu.

"Matsa mana, 'yata."

"Baba, da hannu biyu zan yi."

Bai taɓa jin ta haɗa magana mai tsawon haka ba. Ya dubi tulin takardun da ya kusa kai kafaɗarta.

"Ba za ki gama kafin a tashi ba. Kuma kin ji mutumin."

"Na ji."

Ya tsaya yana murza kwalin tsakanin guntayen yatsunsa. Can ya mayar da shi aljihu, ya jawo rabin tulin gabansa ya fara daidaita mata.

"Yi maza to. In ya tambaya, kwalin ya ɓace a shara."

Auta ta tura takardun, ta janye hannuwanta duka biyu, ta danna. Wuƙar ta sauko ta koma. Tsakanin sara da sara shirun ya fi na kullum tsawo, kowa a ɗakin yana jin bambancin. A cikin ofis, kujerar Oga ta yi ƙara.