Rahoton da Yosiya ya sa wa hannu

Malam Yosiya ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin malamin gona kafin ya yi ritaya ya zauna a Dogon Dutsi, bayan majami'a, yana kiwon tumakinsa yana fama da ciwon gwiwa.

Wata safiyar Laraba wata mata ta yi sallama a ƙofarsa. Ta ce sunanta Habsatu, ɗiyar marigayi Illo na Tungar Gawo, wani ƙauye a yankin Gecheme. Wasu ma'aikatan wani kamfani sun zo daga Yamai da taswira, suna tsara ƙasar yankin: nan noma, nan kiwo, nan dashen itatuwa. Gonaki goma sha tara na ƙauyensu, har da tata, sun faɗa cikin filin dashe, an ma kafa turakun siminti a tsakiyar karan hatsinta. Da mutane suka yi magana, sai aka nuna musu wani tsohon rahoto mai cewa ba mai noma wannan ƙasa. Malamin lakkal, wato makarantar boko, ne ya karanta mata sunan da ke ƙasan takardar.

"Naka ne, Baba," in ji ta.

Yosiya bai musa ba. A shekarar 1984 ne, lokacin da ruwa ya ƙi. An aike shi bisa babur ya ƙidaya gonakin da aka shuka, ya tarar da Tungar Gawo ƙofofi a toshe da ƙaya. Mutane sun tsallaka iyaka zuwa Kamba neman abinci, sai tsofaffi uku suka rage. Takardar da aka ba shi gurbi biyu gare ta, "an noma" da "ba a noma ba". Ya cika na biyun, sa'an nan ya rubuta a gefe da hannunsa cewa masu gonakin yunwa ta kore su, kuma za su komo.

Da aka kira taro a Tibiri kan maganar, ya hau motar kasuwa ya je. Shugaban ma'aikatan, wani saurayi mai suna Rashid, ya ba shi kujera da ladabi, ya miƙa masa rahoton. An sake buga shi da na'ura, fes. Yosiya ya duba gaba ya duba baya, bayanin da ya yi a gefe babu shi. Ya tambayi takardar ta ainihi, aka ce gara ta cinye ta tuntuni.

Ya miƙe ya ba da labarin yadda abin ya faru. Ya faɗi sunayen tsofaffin nan uku. Ya ce damina biyu bayan haka shi da kansa ya raba wa mutanen ƙauyen irin hatsi, kuma tun daga nan ba shekarar da ba su shuka ba. Rashid ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce ya ji, amma aikinsu da takardu suke yin shi, kuma wannan tana da hatimi.

"Ni na rubuta ta," in ji Yosiya. "Ga ni tsaye gabanka da raina. Wuni ɗaya na yi a ƙauyen ina ƙidaya, su shekara arba'in suna noma. Ko sau ɗaya ka taka ka ga rumbunansu?"

Rashid ya ce lokacin da aka ba su bai kai su zaga kowane ƙauye ba, ya roƙi Baba ya kawo kokensa a rubuce.

Ya rubuta kuwa, shafi shida. Ya bi tsofaffin abokan aikinsa gida gida, biyu suka sa hannu, ɗaya ya ce shi ba ya son rigima. Sau huɗu yana komawa Tibiri da gwiwar nan tasa.

Kafin damina amsa ta fito. An mayar da gonaki bakwai da ke kusa da rijiya, sauran an ce sun riga sun shiga tsari. Ta Habsatu ba ta cikin bakwai ɗin. Da ruwan farko ya sauka, a aron gonar wani ƙanen mijinta ta yi shuka, tafiyar awa guda daga gida. Yosiya ya sayar da rago ɗaya don kuɗin mota, ya fara rubuta koke na biyu, wannan karon zuwa Doso, babban birnin jiha.