Makullin Motar Baba

Yayyena suka yi taro ta waya, suka yanke cewa lokaci ya yi da za a karɓe makullin mota daga hannun Baba. Da aka zo kan wanda zai faɗa masa, kowa ya tuna yana da aiki. Ni auta aka tura, wai in raka shi unguwa, in ga tuƙinsa, in kawo labari.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ina shiga na ɗaura bel, ya dube ni ta saman tabarau.

"Auta, leƙen asiri aka turo ki?"

"Haba Baba, kewarka nake yi."

"Kewar ce ta sa kike kallon hannuna?"

Muka hau babban titi. Yana tafe yana yi wa kowane direba gyara: wannan bai san sigina ba, wancan a kasuwa ya sayi lasisi. Ina cikin dariya na hango wani guntun ƙarfe kwance a gabanmu. Na jira ya kauce. Bai kauce ba.

Fam! Tayar gaba ta fashe, motar ta fizga gefe.

"Baba, birki! Birki!"

"Rufe mini baki!"

Ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙar da ita. Ƙafarsa ko kusa da birki ba ta je ba. Ya dinga sassauta totur a hankali, motar na ɗingishi, yana lallaɓa ta kamar mai rarrashin jika. Sai da gudunta ya mutu sannan ya ɗan taɓa birki, ya gangara can nesa da titi, ya kunna fitilun gargaɗi.

"Da na bi shawararki, da yanzu tayoyinmu na kallon sama," in ji shi.

Wallahi alfahari ya cika ni. Har na fara tsara baƙar maganar da zan yaɓa wa matsoratan yayyena.

Na fito da jak da tayar safaya. Baba ya tsuguna yana shafa inda tayar ta yage.

"Me na taka?"

"Ƙarfe, Baba."

"Kin gan shi?"

"Tun daga nesa."

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Ya miƙo hannu ya karɓi jak ɗin.

Da muka gama canja taya na nufi kujerata, na tarar ya riga ni zama, har ya ɗaura bel. Makullin na kan kujerar direba.

"Hannun yana nan daram," ya ce. "Idon ne ya yi ritaya bai sanar da ni ba."

Na tayar da motar, hawaye na neman hana ni ganin hanya.

"Madubi, Auta! Wa ya koya miki tuƙi?"

"Kai ne, Baba."

"To kar ki faɗa wa kowa."