Tumbin Gero

Ndagi tela ya zagaye ƙugun Tsado da tef, ya matse, ya duba lamba, sannan ya sake zagayewa. Inci talatin da tara. Ya jawo littafin awo daga ƙarƙashin keken ɗinki, ya buɗe shafin da aka rubuta Tsado a samansa.

Shafin ya kusa cika. Layin farko na shekarar da sojoji suka sauka daga mulki ne, lokacin da Tsado yake tura kananzir a baro a unguwar Tunga, ya zo a ɗinka masa kaftani ɗaya da zai riƙa bin 'yan siyasa taro da shi: talatin da biyu. Daga nan lambobin suka kama hawa. Shekarar da ya zama kansila, arba'in da biyu. Bara, arba'in da takwas. Duk rigar da tumbin nan ya taɓa shiga Ndagi ne ya ɗinka ta, tun a tsohuwar kasuwa har aka dawo da teloli Kasuwar Kure, kuma bai taɓa ganin girmansa ba. A wurinsa tumbin kansila rijiyar burtsatse ce da ba a haƙa ba, aka naɗe ta a shadda.

"Honorabul, ina ka kai sauran?"

Tsado ya leƙa waje. Shagon da ke jingine da na Ndagi na Maman Wisdom ne, wata 'yar Kudancin Kaduna mai sayar da zare da maɓallai, wadda kunnenta ya fi cinikinta ƙarfi. Sai ya juya harshe zuwa Nupanci, tunda su biyun ƙauyensu ɗaya a ƙasar Bida. Ya buɗe baƙar leda, ya fito da wani yankin soso da aka yanko daga katifa. So yake a ɗinke shi a cikin gaban kaftaninsa kafin ƙarfe huɗu. A lokacin ne dattawan jam'iyya za su zauna a gidan Alhaji Ndatsu, shugabansu na mazaɓa, su yanke ko za a sake ba shi takara.

Ndagi ya riga ya san dalili. Wata uku ke nan ana maganar a kasuwa. Wasu sun ce an ƙwace motarsa, tunda ana ganinsa da sassafe yana tafiya a ƙasa ta hanyar madatsar ruwa ta Tagwai. Wasu sun ce asiri ne. Yawanci kuwa, idan sun rage murya, kanjamau suke cewa. Ndagi ya saurari kowa yana taka keke, bai ƙara ba, bai rage ba.

Ya ɗaga soson da yatsu biyu, ya sake shi a kan tebur.

"Ni tela ne. Layin masu katifa yana can baya."

Tsado bai tashi ba. Ya zauna a benci, ya cire hula, ya shiga bayani kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ya ce wata takwas da suka wuce jiri ya kwashe shi a ofis, aka kai shi asibiti, aka tarar suga ya hau. Likitar ta ce masa kitsen da mutum zai iya kamawa da hannu ba shi ne abin tsoro ba. Akwai wanda yake can ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne yake sa ciki ya yi tauri kamar ganga, shi ne kuma yake dagula jini. Ta ce jiki murhu ne, dare da rana yana cin abin da aka zuba masa. Lokacin da yake tura baro wutar tana ci sosai, don tsoka tana ƙona abinci ko mutum yana zaune. Da ya hau kujera tsokar ta zube, wutar ta yi ƙasa, shi kuwa bai rage itace ba, ƙarawa ma ya yi. Abin da bai ƙone ba sai jiki ya kai shi ajiya.

Ndagi ya ɗauki alli yana zana wuyan wata riga. A ransa ya ce ashe har sai an yi karatun likita kafin a gane kansila ya ci abin da ya fi ƙarfinsa.

Tsado ya ci gaba. Ya bar lemon kwalba. Sakwarar da yake cin malmala uku ta koma ɗaya. Wake, ganye, kifin Tagwai. Tafiyar awa guda kullum kafin rana ta yi zafi. Ba wani shayin rage teɓa, ba bel ɗin roba, don likitar ta ce ba a zaɓar wa jiki inda zai rage. Suga ya sauka, yanzu yana hawa benen sakatariya ba ya tsayawa a tsakiya. Ta ce da sauransa tukuna, don ƙugun mutum bai kamata ya wuce rabin tsawonsa ba. A nan ya ɗan kalli gaban rigar Ndagi, ya ce ta kuma gaya masa har sirara ba su tsira ba.

Ndagi ya yi kamar bai ji ba. Ya tambaye shi me ya hana ya kai wa dattawan takardar asibiti.

Tsado ya ce ai ya kai. Alhaji Ndatsu ya riƙe ta a juye, ya ce takarda ko a bakin titi ana bugawa, su dai ba za su manna hoton majinyaci a bango ba. Mutane suna zaɓen wanda ya ƙoshi ne, don suna ganin zai rage musu wani abu.

"To ka bar musu kujerar mana," in ji Ndagi.

"In koma baro?" Tsado ya mayar da hularsa. "Malam Ndagi, in ba ka ɗinka ba, zan roƙe su wata biyu. Ni zan dawo da tumbin da kaina. Na san hanya, ba ta da wuya."

Ya faɗe ta ne ba tare da barazana ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Ndagi ya dube shi, ya tabbata zai aikata. Mutumin da ya sayar da kunyarsa don kujera ba zai tsaya cinikin hantarsa ba.

Ya kai hannu zai rufe littafin, sai shafin ya juye zuwa na gaba. Sunan Kudu ne a sama, yayan Tsado, wanda ya yi kwangilar kai abinci makarantu. Lambobinsa sun hau har hamsin. A layin ƙarshe babu lamba. Da rubutun Ndagi, wanda ya koya a makarantar yaƙi da jahilci yana da 'ya'ya huɗu, an rubuta: ƙafar hagu, a naɗe daga gwiwa. Wando uku ya naɗe masa bayan suga ya sa an yanke ƙafar. Na huɗun ba a zo karɓa ba.

Ya rufe littafin. Ya ɗauki soson ya jefa a kwandon ƙyalle.

"Wannan ko makaho ba zai ruɗa ba. Tumbi nauyi gare shi, zubowa yake yi. Kuma Ndatsu ba ya gaisawa da mutum sai ya bubbuga masa ciki. Cire singiletinka."

Ya bar shi zaune da kaftani a kan fata, ya fita layin 'yan hatsi, ya dawo da mudu biyu na gero. Ya yanka farin alawayyo, ya ɗinka jaka mai siffar ƙwarya, ya tsaga ta gida-gida don kada geron ya taru wuri ɗaya. Gidajen ƙasa ya fi cika su, na sama ya bar su sako-sako. Ya shimfiɗa auduga a kai don hannu ya ji laushi kafin ya ji nauyi, sannan ya haɗe jakar da singiletin, ya sa mata igiya ta baya. Shekara goma sha ɗaya yana auna tumbin nan, ya san inda ya fara da inda ya karkata. Har ɗan ramin cibiya ya yi masa.

Maman Wisdom ta leƙo da ƙullin zare a hannu, wai ko yana bukata. Ta gaida Honorabul da muryar da ake gaida marar lafiya, daga nesa, ta tambayi abin da ake ɗinkawa. Ndagi ya ce matashi ne. Ta ce ba ta taɓa ganin matashi mai hannu ba. Ya ce yanzu aka fara yayinsa.

Da ya ja labule ya ɗaura masa, ya zura kaftanin a kai, sai ga Honorabul na bara tsaye a gaban madubi, in ban da wuya. Ndagi ya ce ya ɗora babbar riga, ya riƙa sunkuyar da haɓa, kada kuma ya yi saurin tashi daga kujera, don mai tumbi ba ya tashi sai ya dafa gwiwa. Tsado ya gwada. Ya dafa, ya yi nishi, ya miƙe. Ndagi ya ce ashe bai manta ba.

Tsado ya fita wajen ƙarfe uku da rabi. Ndagi ya tsaya a ƙofa yana kallo. Mai shayin da ya daina ba Tsado kofin da kowa ke sha da shi ya taso da sauri ya miƙa hannu biyu. Wani dillalin shadda ya ce dama shi bai taɓa yarda da maganar mutane ba. Maman Wisdom, da ta gan shi a rame awa ɗaya da ta wuce, ta tsaya baki buɗe, sannan ta ce wa maƙwabciyarta ai kaftanin ɗazu ne ya yi masa yawa. Ndagi ya koma kan kekensa. Da safe mutum ɗaya ya raina. Yanzu bai san inda zai tsaya ba.

Ana shirin rufe kasuwa Tsado ya dawo, rigar ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya ja labule da kansa, ya kwance igiyar, ya ajiye jakar a tebur, ya ja numfashi. An ba shi takara. Alhaji Ndatsu ya bubbuga cikin har sau biyu, ya juya ya gaya wa dattawa yanzu ya ga mutum.

Abin da ya fi ba Tsado mamaki shi ne abincin. An kawo sakwara da ƙafar saniya, ya ce a ƙoshe yake, kowa ya dubi cikin ya yarda. Wata takwas ke nan duk gidan da ya shiga sai an tsare shi da kwano ana kallon ko zai iya ci. Yau ne farkon ranar da aka ƙyale shi.

Ya tambaya ko za a iya yi masa na biyu, saboda wanki. Ndagi ya ce za a iya, amma duk inci ɗaya da ya ƙara ragewa sai ya zo a ƙara gero, kuma ya riƙa shanya shi a rana, in ba haka ba da wannan gumin tumbin zai tsiro a gaban jama'a.

Bayan ya tafi, Ndagi ya buɗe shafinsa, ya raba layin biyu. A gefe ɗaya ya rubuta talatin da tara, a ɗayan arba'in da takwas. Ya kakkaɓe keke, ya rataye almakashi. Tef ɗin yana wuyansa. Ya ɗan tsaya, ya saurara ya ji Maman Wisdom ta kulle ta tafi, sannan ya ɗaga rigarsa. Tsawonsa sittin da shida ne, wannan ya sani tun yana saurayi. Hannayensa sirara ne kamar na ɗan tsako, amma shekara talatin a kan kujerar keke sun ajiye masa wani ɗan tudu mai tauri a ƙasan haƙarƙari. Tef ya nuna talatin da bakwai. Ya matse, ya nuna talatin da bakwai.

Bai rubuta ba. Ya kulle shago.

A bakin kasuwa ɗan kabu-kabun da ya saba ɗaukarsa zuwa Tunga ya tayar da babur, ya matso. Ndagi ya ɗaga masa hannu ya wuce a ƙafa, yana gaya wa kansa yaran nan gudu ya yi musu yawa.