Ƙwan Madam Zipporah a Bakin Gada

Da hantsi ne, amma ranar Yola ta riga ta fara gasa ƙeya kamar azahar. Madam Zipporah, mai gidan kaji a Vinikilang, ta tsaya tana kallona ina ɗaure kiret-kiret ɗin ƙwai a bayan babur ɗinta roba-roba.

"Hosea, ka kai su shagon Hajiya Munirat a Luggere. In suka isa lafiya, aikin rabon ƙwai naka ne. In suka fashe, ka koma kwashe kashin kaji."

"To, Mama."

Ɗanta Othniel ne ya koya mini babur ɗin a filin makaranta. Ya ce in sa hular kwano, in riƙa matsa birki biyun tare a hankali, in daina kallon tayar gaba, in kalli inda zan je. Duk na riƙe. Da ya ce, "In za ka tura shi, kashe shi tukuna," sai na yi dariya. Turawa ma har sai an koya wa mutum? Ni da na taso ina tura baro a kasuwa.

Lokacin rikicin Boko Haram ne, duk mai babur sai ya sauka kafin shingen sojoji na bakin gada, ya tura ya wuce. Na taho a hankali, a hankalin da har wani tsoho mai keke da damin ciyawa ya wuce ni, ya yi mini sannu.

Da na iso shingen, na sauka da ladabi. Amma ban kashe ba, don ina tsoron ya ƙi tashi a gaban jama'a in ji kunya. Na kama hannuwansa na tura, ashe hannuna na dama ya murɗa totur. Roba-roba kuwa ba ya shawara da kowa. Ya zabura, na bi shi da gudu. Ina ƙara damƙewa, yana ƙara wuta. Ina ta ce masa, "Tsaya! Tsaya don Allah!" kamar mai bin akuya.

"Off am! Off am!" wani soja ya daka tsawa.

Buhunan yashi ne suka tare mu. Sojan ya miƙo hannu ya kashe makullin, ya dube ni, ya dubi gwaiduwar da ke ɗiga a kan taya.

"Aboki, kai ke tuƙa shi, ko shi ke tuƙa ka?"

"Yallaɓai, yau muka fara sanin juna."

Har direbobin Keke Napep da ke layi sai da suka ƙyalƙyale. Ya duba kayan, ya ce in wuce.

Na tura zuwa inuwa kusa da teburin wani mai shayi, na kwance igiya. Ƙwan da ke sama sun tsattsage. Na tsuguna, warin kejin kaji ya fara dawo mini a hanci.

Mai shayin ya taso da kwano. Ya tsince fasassun ɗaya bayan ɗaya yana juyewa a kwanon, ya koma teburinsa, ya ɗebo lafiyayyu daga nasa kiret ɗin ya cike guraben. Ya ma goge mini na kusa da su da tsumma.

Na buɗe baki ke nan wani ya ƙwala kira daga benci, "Lawal, wainar ƙwaina fa? Ko sai an tashi duniya?"

"Ga ta nan, sarkin gaggawa, har an fasa maka!"

Ya juya mini baya, ya hau kaɗa ƙwai da cokali.