Maganin Tsayar da Ciki

Ruwaida ta sha ɓari har ta gaji da jin "Allah ya mayar da alheri". Da ta sake samun ciki, likita ya zaunar da ita. Ya ce bangon mahaifa yana tsattsafo da wani ruwa mai gina jiki, shi ɗan tayi ke sha kafin mabiyiya ta kafu. Akwai sinadarin da ke umartar bangon ya kawo ruwan, nata ya yi ƙaranci. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ban da fashi.

Gida ɗaya suke da uwar mijinta, Hajiya Gumsu, a Fagge, amma ba ta gaya mata ba. Wace mai kunya ce za ta dubi suruka ta ce tana da ciki?

Mijin ya tafi Legas saro atamfa. Hajiya, da ba ta iya ganin matashin kai ba ta ɗaga ba, ta tsinci ƙwayoyin a ƙarƙashin na Ruwaida. Sai Sabon Gari, kemis ɗin Obiageli, inda take sayen maganin gwiwa.

"Madam, wannan na mene ne?"

"Na tsayar da ciki ne, Hajiya."

Ko ƙarin bayani ba ta nema ba. Tana dawowa ta watsa su a kwata.

"Munafuka! Ɗana yana roƙon Allah haihuwa, ke kina tsayar masa da ita?"

Ruwaida ta sunkuyar da kai, kunyar banza ta rufe mata baki. Sai da ta ga ɗigon jini a zaninta sannan ta fito tsakar gida.

"Inna, ciki gare ni! Abincin jikanki kika zubar a kwata!"

Hajiya ta koma kemis ko takalmi ba ta daidaita ba.

"Ke kika ce na tsayarwa ne!"

"Ƙwarai! Ya tsaya daram, kada ya zube!" Obiageli ta buga kanta. "Ni daga Anaca, ke daga Barno, duk Hausar aro muke yi, ba sai ki tambaye ni wace tsayarwa ba? Ungo wasu ƙwayoyin, ki kai yarinyar asibiti yanzu!"

Allah ya rufa asiri, jinin ya ɗauke, cikin ya tsaya. Amma tun ranar Ruwaida a haɓar zani take ƙulle ƙwayoyinta, kuma tsakaninta da Hajiya sai "ina kwana".